Masu bincike ku zo: taron bitar rage damuwar aiki yana maganin wani abu kuwa?

Ummu_Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin bincike ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ni nas ce, shekarata tara ina aiki, yanzu kuma ina mastas na ƙarshen mako a fannin lafiyar al'umma, abin da na zaɓa zan yi furojet a kai shi ne matsin aiki tsakanin nas-nas. Na kwaso furojet ɗin waɗanda suka gabace ni wajen guda takwas na karanta, wallahi babi na biyar ɗinsu kamar mutum ɗaya ne ya rubuta, kowa shawararsa ita ce hukumar asibiti ta riƙa shirya taron bita kan yadda ma'aikaci zai rage damuwa. Shi ke nan fa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, mu an yi mana irin wannan bitar bara. Aka tara mu a ɗakin taro, aka kawo wani mai kwat da majigi, ya ce mu rufe ido mu ja numfashi mu ƙirga huɗu mu sake, mu riƙa shan ruwa, mu riƙa barcin awa takwas, aka raba lemo da cincin aka ɗauki hoto, ranar kuma ni ke da dutin dare, ƙarfe tara na karɓi ɗaki mai gado talatin duk a cike daga ni sai wata ɗaliba. Barcin awa takwas ɗin a ina zan yi shi?

To tambayata biyu ce. Akwai bincike na gaske da ya nuna irin wannan bitar tana aiki, ko dai kwafar juna kawai muke yi? Na biyu, wace takardar tambayoyi ya kamata in yi amfani da ita, don sufabaizana ya ce kar in ƙirƙiro tawa. Na gode.

Lakcara_Mai_Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan tambayar da kika yi ta fi furojet takwas ɗin da kika karanta, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Ki fara da binciken Whitehall, duk wanda zai yi magana kan aiki da lafiya daga nan yake tasowa. A 1967 aka fara bin ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a Landan. Lokacin abin da kowa ya ɗauka shi ne ciwon zuciya cutar manya ce, oga mai tulin fayil a tebur shi ne zai yanke jiki ya faɗi. Da aka bi su shekara goma sai aka ga akasin haka, na ƙasa, irin su masinja da mai tsaron ƙofa, yawan mutuwarsu ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku. Kuma ba wai na can ƙasa kaɗai ba, mataki-mataki abin yake tafiya, kowane gireti ya fi na samansa mutuwa. Ki lura fa duk masu albashi ne, babu mai kwana da yunwa, kuma asibiti kyauta ne a ƙasar ga kowa. Aka ce to ko taba ce da ƙiba da hawan jini, aka lissafa su aka cire, ba su bayyana ko rabin bambancin ba.

Shi ya sa Michael Marmot ya buɗe zagaye na biyu a 1985 da ma'aikata 10,308, wannan karon har da mata, aka tambaye su yadda aikin nasu yake. Abin da ya fito fili shi ne rashin iko. Wanda ba shi da ta cewa kan yadda zai yi aikinsa, da lokacin da zai yi, sai dai a ce yi ya yi, bari ya bari, shi ne ciwon zuciya ya fi kamawa. Dama tun 1979 Robert Karasek ya kawo wannan tunanin, cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne illar ba, haɗuwar aiki mai yawa da ƙarancin iko ita ce dafin. Babban likita yana da aiki kamar ya kashe shi amma shi ke tsara ranarsa. Ke kuwa rosta aka manna miki a bango. A 2012 Mika Kivimäki da abokan aikinsa suka haɗa bayanan mutum kusan 200,000 daga ƙasashen Turai, suka samu masu irin wannan aikin haɗarin ciwon zuciyarsu ya ɗara na sauran da kashi 23 cikin ɗari. Ba abu ne mai girman taba ba, kar ki zuzuta shi a rubutunki, amma yana nan.

Yanzu ga bitar taki. An gwada, kuma gwaji irin na ƙuri'a, wanda ake raba mutane gida biyu ba tare da sun zaɓa ba. A Jami'ar Illinois ta Amurka an yi da ma'aikata kusan 5,000, aka ba wasu damar shiga shirin kula da lafiya mai gwaje-gwaje da azuzuwa har da ladan kuɗi, aka bar wasu. Sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wani bambancin kirki ba a kuɗin magani ko fashin aiki. Abin dariyar shi ne sun gano waɗanda suka fi rububin shiga shirin dama can su ne masu lafiyar, masu motsa jiki. Wato da ba a yi ƙuri'a ba sai a ce ai ga shi shiri ya yi aiki, alhali masu lafiya ne suka kawo kansu. A shekarar dai Zirui Song da Katherine Baicker suka buga nasu, ma'aikata wajen 33,000 na wani kamfanin manyan kantuna mai rassa 160, bayan wata 18 mutane sun ce sun ƙara motsa jiki, amma da aka auna jini da nauyi da zuwa aiki, babu abin da ya motsa.

Na kusa-kusan nan shi ne na William Fleming na Oxford a 2024, ya duba amsoshin ma'aikata 46,336 a wuraren aiki 233 a Birtaniya, masu zuwa ajin natsuwa da ajin juriya da masu manhajar waya, bai ga sun fi waɗanda ba su je ba. Sai dai nasa hoto ne na lokaci ɗaya, bai bi mutane ba, to ki faɗi hakan in za ki kawo shi.

Ke kuma da kike nas, takardar da za ki riƙe hannu bibbiyu ita ce ta Linda Aiken ta 2002. Asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, nas sama da 10,000. Duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar aikin ya cinye ta ya ƙaru da kashi 23, yiwuwar majinyaci ya mutu cikin kwana 30 kuma ya ƙaru da kashi 7. Su fa ana maganar bambancin majinyata huɗu da takwas ne. Ke kin ce talatin. A ce miki ki ja numfashi, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Dan_Kanta ya amsa:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ni a banki na yi shekara shida kuma ina ga namu ba rashin iko ba ne kawai. Mu abin da ke cin mutum shi ne kana zaune kanta ɗaya da wani, aiki ɗaya, taget ɗaya, kai ma'aikacin kwantiragi ne shi cikakke, albashinsa ya ninka naka, in kuɗi suka yi gibi da yamma daga aljihunka za a cire, in aka zo rage ma'aikata kai ne na farko, ka shekara biyar ba ƙarin girma ba ko sannu. Ranar Lahadi da la'asar cikina ke fara murɗawa tun kafin Litinin ta zo. Na sha maganin olsa har na gaji, ina barin aikin ko wata biyu ba a yi ba na daina. Mu ma an kawo mana mai koyar da numfashi, a ranar Asabar kuma, wato ranar hutun ma aka cinye don a koya mana hutawa.

Lakcara_Mai_Alli ya amsa:

Dan_Kanta abin da ka faɗa yana da suna a littafi. Wani ɗan ƙasar Switzerland Johannes Siegrist ya tsara shi a 1996, rashin daidaito tsakanin wahala da sakamako. Sakamakon a wurinsa ba kuɗi kaɗai ba ne, uku ne: albashi, mutuntawa, sai tabbacin aiki da ƙarin girma. Kai duk ukun aka hana ka. Ummu_Haidar ni da ni ne ke ma wannan zan ɗora aikina a kai, don ya fi kama da halin da ma'aikacinmu ke ciki.

Alhaji_Fasonel ya amsa:

To bari mu da ake zagi mu ce wani abu. Shekarata ashirin da biyu a sashen kula da ma'aikata, kuma na shirya irin wannan bitar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ban kuma ji kunya ba.

Malam lakcara ka kawo waɗanda suka goyi bayanka ka bar sauran. Akwai nazarin Richardson da Rothstein na 2008 da ya tattara gwaje-gwaje 36 na shirye-shiryen rage damuwa a wurin aiki, kuma sun samu yana taimakawa, musamman irin wanda ake koya wa mutum yadda zai kama tunaninsa ya juya shi, ba na lemo da cincin na yini ɗaya ba, wanda ake yin makonni ana yi da ƙwararre. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ba ta ce a watsar da horo ba, ta ma ce a horar da manajoji su iya gane ma'aikacin da ke cikin damuwa su san yadda za su yi masa magana.

Sannan ku masu rubutu kuna da sauƙi. Ka rubuta a ɗauki ƙarin nas hamsin, ka sa aya, ka ci makinka. Ni da aka ba ni kuɗin da bai wuce na hayar ɗakin taro da ruwan roba ba fa? Ɗaukar ma'aikata ba a teburina yake ba, ba ma a teburin wanda ke samana yake ba. Da babu gara ba daɗi. Na taɓa ganin wanda bayan bita ya same ni a ofis ya rufe ƙofa ya ce Alhaji wata uku ba na barci, muka haɗa shi da likita. Da ba a yi taron ba da bai buɗe baki ba.

Hajiya nas, wani abu da za ki ƙara a babi na biyu wanda ɗalibai ba sa sakawa: dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa ƙarara a sashe na 8, a matsayin abin da za a iya biyan diyya a kai in aiki ne ya jawo, da sharuɗɗansa, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da asusun, masu ɗaukar aiki na zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi. Ki tambayi nas ɗinki su nawa suka taɓa jin wannan, amsar kaɗai ta isa tebur guda.

Lakcara_Mai_Alli ya amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji na karɓi gyara, nazarin 2008 ɗin gaskiya ne kuma ya kamata ta kawo shi. Inda zan tsaya shi ne yawancin waɗannan gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma ana auna mutum ne jim kaɗan bayan an gama, da bakinsa yake cewa na ji sauƙi. Ko ni aka ɗauke ni daga aji aka zaunar a ɗaki mai sanyi zan ce na ji sauƙi. A 2017 Maria Panagioti da tawagarta sun kwatanta iri biyun a tsakanin likitoci, gyaran mutum da gyaran tsarin aiki, duka sun ɗan taimaka amma na tsarin aiki ya fi tasiri. Kuma gyaran tsari ba lallai sai an ɗauki mutum hamsin ba. A bar nas su sa baki a rosta, a daina jera wa mutum dare bakwai, a fitar da jadawali da wuri mace ta san yadda za ta yi da yaranta, wanda ya yi obataim a rubuta a biya shi ko a ba shi hutu. Wannan ai bai kai kuɗin hayar ɗakin taro ba, sai dai yana taɓa ikon wasu, shi ya sa bitar ta fi daɗin shiryawa.

Bakatsine_Sak ya amsa:

Ni fa duk wannan lissafin na Turawa ne. Mutumin Landan da albashinsa ke shiga ranar da aka ce, ga wuta ga jirgin ƙasa, shi ne zai zauna yana cewa ba ni da iko a ofis. Mu nan a biya ka ma tukuna. Kuma mu muna da abin da ba su da shi, in abu ya dame ka ka yi alwala ka kai goshi ƙasa, ka fita majalisa a yi raha, ka koma gida ga iyali. Iyayenmu sun yi aikin da ya fi wannan ba su san wata damuwa ba. A rage shigo mana da cututtukan da ba namu ba.

Anti_Nas_Ingila ta amsa:

Bakatsine sallah da majalisa suna taimakawa ba musu, su kansu masu binciken daga baya sun ƙara goyon bayan abokan aiki da na shugaba a cikin lissafin Karasek saboda sun ga yana rage illar. Amma cewa iyayenmu ba su san damuwa ba, sun sani, sunan ne ba su sa mata ba. Sai dai ka ji an ce hawan jini ya kama shi, ko ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye, ko ana saura shekara ɗaya ya yi ritaya aka wayi gari babu shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da bugun jini a ƙwaƙwalwa da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako, kuma ba Turai ce ta fi yawa ba, yankin Asiya ne. Jijiyar jini ba ta san launin fata ba yayana.

Ummu_Haidar ƙanwata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na yi wannan dutin daren shekara goma sha ɗaya kafin in taho Ingila. Kar ki ɗauka nan aljanna ce, nan ma ana ƙarancin ma'aikata ana kuka, kuma nan ma suna son turo maka manhajar natsuwa a waya. Bambancin da na gani shi ne akwai ma'auni a rubuce. Hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki ta nan ta fitar da abubuwa shida tun 2004 da ake duba wurin aiki da su: nauyin aiki, iko, goyon baya, zaman tare, sanin matsayinka, da yadda ake kawo canji. Suna da takardar tambayoyi mai tambaya 35 kyauta a intanet. Amfaninta shi ne wurin aikin take aunawa ba ke ba, in sakamako ya yi ja ba za a ce ke ce mai rauni ba. Wasu wuraren ma doka suka yi, California ta kafa dokar adadin majinyata ga kowace nas ta fara aiki a 2004, Queensland ta Ostireliya ta bi a 2016, nas ɗaya majinyata huɗu da rana bakwai da dare a ɗakunan da dokar ta shafa, kuma da aka bi asibitocin daga baya an ga mutuwa da komowar majinyata sun ragu.

Ummu_Haidar ta amsa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi na cika shafi huɗu. Anti bakwai da dare kika ce? Na karanta wa abokiyar aikina ta yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji na gode da maganar dokar, ni kaina yau na fara ji. Saura maganar takardar tambayoyin Malam, sufabaizana Maslach ya ambata.

Lakcara_Mai_Alli ya amsa:

Ta Maslach ita ce aka fi sani, Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a 1981, tambaya 22 ga masu aikin kula da mutane, tana auna ƙarewar ma'aikaci ta fuska uku: ƙarfin zuciya ya ƙare, mutum ya fara kallon majinyaci kamar lambar gado ba ɗan Adam ba, sannan ya ji aikin nasa ba ya tsinana komai. Amma ta kuɗi ce, sai an sayi lasisi, ɗalibai na kwafa daga furojet ɗin wasu ba su sani ba, in kin zo bugawa a mujalla nan za a tambaye ki. Akwai ta Copenhagen ta 2005, tambaya 19, kyauta ce. Kuma ki kiyaye, kar ki rubuta kashi kaza na nas suna da cutar kaza, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce wannan ƙarewar abu ne da ke tasowa daga aiki, ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba.

Inda furojet ɗinmu ke faɗuwa shi ne a raba takarda ranar Talata da safe a tsakar asibiti, mutum ɗaya ya ce aikina da yawa kuma ya ce na gaji, sai a sa a kwamfuta a ce ga alaƙa. To dama mai gajiya komai da yawa zai gan shi. Kuma wa kika samu ranar? Wadda aikin ya fi cinyewa tana gida kwance, ko ta ajiye aikin, ko tana can wajen su Anti. Waɗanda suka rage su ne masu ƙarfin, sai lissafinki ya fito da sauƙi fiye da gaskiya. Don haka ki nemi abin da ba daga baki ya fito ba ki haɗa da shi: rostar wata uku, adadin majinyata a kowane duti, dare nawa mutum ya jera, kwana nawa aka yi fashi, mutum nawa suka bar ɗakin cikin shekara. Ki bi masu dutin dare da daren, kar ki jira su da safe suna layi. In za ki fassara tambayoyin zuwa Hausa saboda masu taimaka wa nas, ki ba wani daban ya mayar da su Turanci ki gani ko ma'anar ta tsira, don kalmar damuwa a wurinmu ta haɗa baƙin ciki da tunani da fargaba duk a tukunya ɗaya. Kuma kar ki bari metiron ta raba miki takardun ko ta karɓa, babu wadda za ta faɗi gaskiya.

Ummu_Haidar ta amsa:

Tabɗi, rostar nan fa a durowar metiron take da makulli, sai na samo takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike kafin in ko tunkare ta. Zan je da maganar Siegrist da ta Copenhagen wajen sufabaiza ranar Asabar in ji me zai ce. Alhaji_Fasonel in ba damuwa zan turo maka tambayoyin ka duba min ta ɓangarenku, kar in rubuta abin da za a karanta a jefa a kwandon shara. Bari in tashi, yau ma dare gare ni, na huɗu a jere.